Mu Ceci Rubutun Masu Faɗa wa Mulki Gaskiya Tun Wuta da Gara Ba Su Riga Mu Ba

Ya ku mutanen Moriki, da 'yan'uwanmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi! Ina da magana da ku a kan wata dukiya da muke asara kullum, babu kuwa mai zuwa yi mana jaje a kanta. Idan aka kore shanu, gari kan ɗauka. Idan aka ƙone rumbu, har rediyo sai ta faɗa. Amma idan tsoho ya rasu da waƙoƙi talatin a ƙirjinsa, ko adakar takardunsa ta ƙone tare da ɗakinsa, sai a yi sadakar uku da ta bakwai a watse, ba mai cewa an rasa wani abu bayan mamacin. Takardun da nake nufi su ne na mutanen da suka dubi tsabar idon masu mulki suka ce musu sun yi zalunci, suka kuma rubuta, aka ɗaure su, aka yi musu bulala, suka fito suka sake ɗaukar alƙalami.

Bari in fara da babbansu. Malam Sa'adu Zungur ya rasu a Bauchi ranar 28 ga Janairu, 1958, saura kusan shekara uku a sami 'yancin da ya ƙarar da lafiyarsa wajen nema. Ɗan gidan malamai ne. Ya sha Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci tun yana yaro, ya shiga boko har Kwalejin Katsina, daga nan ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Ya koyar da ma'aikatan tsafta a Zariya, kuma a can ya fara tara matasa ana muhawara kan halin da ƙasa ke ciki, cikinsu har da wani ɗalibi Bakano mai suna Aminu, wato Malam Aminu Kano. Da ciwo ya mayar da shi gida Bauchi bai kwanta ba. A 1943 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar neman ci gaban Bauchi, ana zama ana tattauna haraji da shari'a da yadda En'e ke tafiyar da jama'a, a zamanin da talaka ko inuwar ɗan doka ya hango sai ya cire takalmi. Ya yi rubutu a jaridar West African Pilot, a 1948 kuma ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe a Ikko, kafin ya dawo Arewa ya tsaya a bayan 'yan jam'iyyar NEPU da shawara da alƙalami har numfashinsa ya ƙare.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a lamarin Sa'adu shi ne bai zagi kowa don jin daɗin zagi ba. A waƙarsa ta Maraba da Soja ya tarbi sojojinmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya juya maganar zuwa 'yancin da suka yi wa wasu yaƙi a kansa alhali su ba su da shi a gida. A Waƙar Bidi'a jama'arsa ya fuskanta, ya faɗa musu laifinsu. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa sarakuna ya yi wa gargaɗi, cewa sarautar da ba adalci ba ilimi ba za ta ɗore ba, kuma Arewa za ta wayi gari an wuce ta idan ba a farka ba. Sai ga Mudi Sipikin na Kano, yaro ne a kansa, ɗaya daga cikin mutum takwas da suka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, ya mayar masa da amsa a waƙe, ya ce shi jumhuriya kawai yake so. Ku dubi wannan da kyau. Mutum biyu a sahu ɗaya, sun saɓa kan babban al'amari, kowa ya wasa alƙalaminsa ya kawo hujja, jama'a na saurare suna auna maganar kowanne. Irin wannan gadon nake jin tsoron 'ya'yanmu su tashi ba su san an taɓa yin sa da harshensu ba.

Za a ce ai ba a manta da Sa'adu ba. An sa wa jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau sunansa, akwai babban zauren taro mai sunansa a Gidan Mambayya a Kano, akwai makarantu da tituna. Madalla, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. To amma ku tari ɗalibai goma a ƙofar kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura ku tambaye su me Sa'adu ya ce wa sarakuna, ku ji amsar da za ku samu. Ku zaga wurin masu sayar da littattafai daga Shinkafi har Gusau ku nemi ɗan littafin waƙoƙinsa, wanda bai kai kaurin littafin rasit ba. Suna a jikin gini ba ya tayar wa azzalumi da hankali, shi ya sa sa shi ke da sauƙi. Maganar mutumin ita ce ke hana barci, ita ce kuma aka bari tana ɓacewa.

Kada wani ya ce wannan zancen Bauchi da Kano ne, ina ruwan Bazamfare. Ruwanmu ne tsundum. Tun 1929 da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda, jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga yana sauke mutane da labarai. Da shi jarida take zuwa, da shi ma'aikatan reluwe da 'yan koli da teloli suke shigowa da sabuwar magana. Shi ya sa a duk Lardin Sakkwato, Gusau da Ƙaura na cikin wuraren da NEPU ta fi kafuwa. Daga tasha magana ta bi hanyar fatake ta shiga kasuwanni, ta kai Shinkafi ranar Alhamis, ta ratsa Moriki da Zurmi har ƙauyukan bakin Gagare da Bunsuru. Waƙa ce ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya mai karatun ajami zai samu takarda, ya karanta a zaure da dare, kafin mako ya zagayo masaƙa da maɗinka da 'yan koren jakai sun haddace. Waƙoƙin su Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu da Lawan Maiturare haka suka yi yawo a ƙasar Hausa, ba kamfanin ɗab'i, ba gidan rediyon da zai yarda ya sa su.

Kuma an biya farashi. Tsofaffinmu sun san abin da ake yi wa mai ɗauke da katin tauraro na NEPU a wancan zamani. A kai shi gaban alƙali a kan ya yi taro ba izini, ko ya ambaci sunan sarki a wurin lacca, a yanke masa wata uku ko shida. A ninka masa haraji. A karɓe gonar da ya gada. A hana shi rumfa a kasuwa, wani ma a sa surukansa su raba aurensa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta rasu a 2001, an ɗaure ta sau goma sha shida, ita duniya ta san sunanta. Namu na nan fa? Kowane gari yana da wanda ya sha irin wannan, kowane gari yana da mai tsara baitocinsa a kan hakimin da ya matsa ko mai karɓar jangalin da ya wuce gona da iri. Ba a buga nasu a Zariya ba, ba wanda ya yi digiri a kansu. Suna cikin adakoki da gafakoki da ƙirazan tsofaffi, in sun saura.

Wannan ɗabi'a ma ta girmi NEPU nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya zauna a Faru. A littafinsa Kitabul Farƙi ya jero zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya, da harajin da shari'a ba ta san da shi ba, da cin hanci da sunan gaisuwa, da ƙwace kayan talakawa a kasuwa. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya ma fi ba da mamaki, don shi jama'arsa ya soka bayan an fara cin nasara. Da ya ga son duniya ya shiga zukatan waɗanda suka fito don Allah, ya bar rundunar ya nufi gabas, sai Kanawa suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci. Ɓacin ransa yana nan a Tazyinul Waraƙati har yau, saboda almajirai sun yi ta kwafa da hannu, wannan ya ba wancan, fiye da shekara ɗari biyu. Duk wanda ya ce faɗa wa shugaba gaskiya a rubuce baƙuwar ɗabi'a ce da 'yan boko suka kawo, bai karanta magabatansa ba.

Yanzu bari in kai ku wata ƙasa mai nisa, don abin da ya faru a can ya shafi maganarmu ƙwarai. A Rasha, zamanin Stalin, baiti ɗaya yana iya kai mutum kabari. Wani mawaƙi mai suna Osif Mandelstam ya tsara gajeriyar waƙa a kan Stalin a 1933, ya karanta wa 'yan abokai kaɗan. Aka kama shi a 1934, aka sake kama shi a 1938, ya mutu a ƙarshen shekarar a wani sansanin fursuna kusa da Biladibostok, a can ƙarshen gabashin ƙasar. Matarsa Nadezda ta san ajiye takardunsa a wuri ɗaya hatsari ne. Sai ta rarraba su a hannun amintattu, ta kuma haddace waƙoƙin, tana gudun hukuma daga gari zuwa gari, tana aikin dare a masaƙa tana maimaita baitocin mijinta a zuci don kada ko kalma ta zube. Shekaru kusan ashirin tana haka. Yau ana karanta Mandelstam a harsunan duniya saboda wannan baiwar Allah.

Ƙawarsu Anna Akmatoba kuwa ɗanta aka kama. Ta yi wata goma sha bakwai tana bin layi a ƙofar kurkukun Leningirad tare da sauran iyaye mata, kowacce da ɗan ƙunshin abinci a hannu, ba ta san ko ɗan nata na raye ba. Ta tsara waƙoƙi a kan wannan tsayuwa, amma ba ta isa ta ajiye su a rubuce ba. Ga yadda suke yi. Ƙawarta Lidiya Cukobskaya za ta zo ɗakinta. Saboda tsoron an dasa na'urar saurare, sai Anna ta ɗaga murya tana zancen shayi ko sanyin bana, hannunta kuwa yana rubuta baitoci a 'yar takarda. Ta miƙa wa Lidiya. Ita kuma ta karanta, ta sake karantawa har ya zauna, ta mayar ba tare da ta ce uffan ba. Anna ta ƙyasta ashana ta ƙone takardar a faranti. Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ya gane wannan aiki: a rubuta, a haddace, a wanke allo, karatu ya koma ƙirji. Waƙoƙin ba su fito a littafi ba sai 1963 a Jamus, a ƙasarta kuwa sai 1987, ta riga ta daɗe a ƙasa.

Marubuci Basili Gurosman kuwa 'yan sandan ciki suka shiga gidansa a 1961 suka kwashe littafin da ya rubuta kan yaƙi da mulkin kama-karya, har da zaren tafiretar da aka buga shi da ita. Ya rasu a 1964 yana ganin aikinsa ya tafi. Ashe wani abokinsa ya ɓoye kwafi, aka ɗauki hotonsa shafi-shafi aka fitar da shi ƙasar, aka buga a Suwizalan a 1980. Alekzanda Solzenitsin shi ma da taimakon masu buga tafireta da masu ɓoyo ya haɗa littafinsa kan sansanonin gwale-gwale, daga shaidar mutum 227 da suka ɗanɗana. An buga shi a Faransa a ƙarshen 1973, aka kore shi daga ƙasar a Fabrairun 1974. Daga baya 'yan ƙasar suka kafa ƙungiyar Memorial don tattara sunaye da takardun waɗanda aka zalunta. Kotun ƙolin Rasha ta ba da umarnin rushe ta a Disambar 2021, shekarar da ta biyo baya kuma aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Ku lura da waɗanda suka yi aikin nan. Matar aure ce, da ƙawa, da aboki, da mai buga tafireta. Hukuma ita ce mai farautar takardun, don haka ba wanda ya zauna jiran ta. Mu a nan ba wanda zai ɗaure mu yau don mun kwafi waƙar Sa'adu ko ta Mudi Sipikin. Abin da ke cinye namu sakaci ne, sai gara, sai kuma wutar da 'yan bindiga ke cinna wa garuruwanmu.

Akwai wani dattijo tela a unguwarmu da muka taso muna jin ana ce masa ɗan sawaba, wato ɗan NEPU. Idan yana taka keke yakan yi ta rera wasu baitoci ƙasa-ƙasa, mu yara muna dariya ba mu san me yake cewa ba. Bayan rasuwarsa na roƙi iyalinsa su nuna mini takardunsa. Aka jawo adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, gindinta ya yi tsatsa saboda damshin daɓe. Da aka ɗaga murfin sai ƙasa ta zubo. Gara ta shiga ta ƙasa ta gina gidanta a tsakiyar takardun, ta manne su sun zama dunƙule guda. Abin da muka iya ɓamɓarowa kati ne mai alamar tauraro, da rasit na haraji guda huɗu, da rabin shafi na ajami da tawadar gargajiya, farkon kowane baiti yana nan, ƙarshensa ya tafi. Uwargidansa ta ce da akwai wasu da yawa a jakar fata, amma an daɗe da bai wa mai ƙosai tana ƙunshi da su, don ba wanda ya ce suna da amfani. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaya.

Wannan a cikin gari ke nan, inda ɗaki ke tsaye. Ku tuna ƙauyukan da aka tayar a ƙasar Zurmi da Shinkafi cikin shekarun nan. Wanda ya fita da tsakar dare da goyo a baya da tsohuwa a hannu ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Kowane ƙauyen da aka ƙone yana da limami, kowane limami yana da kundi, kuma a cikin kundin nan ake samun wasiƙu da waƙoƙin wa'azi da tarihin gari da takardun gado. Yaron da ya yi wayo a 1950 yau ya haura tamanin. Waɗanda suka halarci laccar NEPU da ƙafarsu saura ƙalilan, kuma wahalar gudun hijira tana ɗauke su da sauri fiye da yadda tsufa kaɗai zai yi.

Na san abin da wani zai ce, kuma ban raina maganarsa ba. Zai ce, Malam, mu da ba mu iya zuwa gona, mu da aka ɗora wa garinmu harajin bindiga a 2024, wa ke ta tsohuwar takarda? Amsata ita ce, wanda ake zalunta ya fi kowa bukatar sanin cewa iyayensa sun taɓa tsayawa. Yaron da ya tashi bai ga komai ba sai ana tara kuɗi gida-gida ana kai wa daji, zai ɗauka haka Allah ya halicci Bazamfare, mai sunkuyar da kai. Ku ba shi labarin kakansa da ya ƙi durƙusawa a gaban alƙali, ku karanta masa abin da kakan ya rubuta, ku ga yadda idonsa zai canza. Sa'annan aikin nan ba ya cin kuɗi, ba ya hana tsaro, ba ya bukatar kowa ya hau hanyar da ba ta da lafiya. Tsofaffin ƙauyuka ai ga su nan a cikinmu, a gidajen 'yan'uwa da kangaye da makarantu, suna zaune ba mai tambayarsu komai sai ko sun ci abinci.

Malaman jami'a sun yi nasu ƙoƙari, dole a yaba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da littafi kan rayuwar Sa'adu da waƙoƙinsa a 1974. Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta tarihin malamin nasa da Hausa. Haruna Abdullahi Birniwa ya tattara waƙoƙin siyasa na ɓangarorin biyu, NPC da NPN a gefe, NEPU da PRP a gefe, a kundin digirinsa na uku a jami'ar Sakkwato a 1987. Farfesa Alƙasum Abba ya rubuta tarihin NEPU. Ɗan jiharmu Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa da mawaƙa ya rubuce waƙoƙinsu, kuma irin wannan aiki ne ya sa Narambaɗa na Tubali da Kassu Zurmi ba su tafi da duk abin da ke bakinsu ba. Amma malami ɗaya daga Kano ko Zariya ba zai san wace tsohuwa ce a Moriki ta haddace waƙar da mijinta ya yi a kurkuku ba. Mu muka san ta. Mu za ta buɗe wa baki, don ta san iyayenmu.

Don haka, samari da 'yan mata masu waya a hannu, da ku zan fara. Wayar nan da kuke kallon Facebook da TikTok ta fi duk kayan aikin da matan Rasha suka mallaka. Ku je wurin kakanninku da ladabi, ku gaishe su, ku zauna a ƙasa. Kafin tsoho ya fara, ku faɗi sunansa da garinsa da ranar da ake ɗauka, don muryar da ba a san mai ita ba rabin amfaninta ya tafi. Ku bar shi ya rera har ƙarshe, kada ku katse shi, ko ya yi tuntuɓe ya koma baya. In ya gama ku tambaye shi wa ya yi waƙar, a ina ya ji ta, me ya faru da mai ita. Kada ku tsallake tsofaffi mata. Su suka yi dakon tuwo zuwa gidan yari, kuma sau da yawa haddarsu ta fi ta maza ƙarfi.

In takarda aka fito muku da ita, ku wanke hannu ku shanya. Ku shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da hantsi, ku ɗora ta a kai, ku ɗauki kowane shafi gaba da baya, har gefen da aka yi ƙaramin rubutu, don sau da yawa a nan mai kwafi ke sa sunansa da shekara. Kada ku liƙa mata salatif, kada ku kai ta a manne ta cikin leda da zafi, wannan kashe ta ne. Wadda ta manne kada a ja ta da ƙarfi. Ku naɗe asalin a tsumma mai tsabta, a ɗaga adakar daga ƙasa a ɗora kan dutse ko benci, ku mayar wa masu ita abinsu. Wannan sharaɗi ne babba: takarda ta iyalinta ce, hoto kawai muke roƙo. Mutanenmu sun sha ba da aron littafi ga mai bincike bai dawo ba, shi ya sa suke ɓoyewa, kuma suna da gaskiya.

Hoton kuma kada ya kwana a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara muka yi makonni ba mai jin ɗuriyar wani. A sa a katin waya a ajiye, a tura wa ɗan'uwa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, a kuma kai kwafi inda aka tanada don wannan aiki: Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Mambayya, da sashen Hausa na jami'ar tarayya ta Gusau. Mutanen Timbuktu da akwatunan ƙarfe suka fitar da dubban littattafansu zuwa Bamako a 2012 da 2013, a motoci da kwale-kwale, iyali-iyali. Waɗanda suka rage a cibiyar Ahmad Baba kuwa an cinna wa dubbai daga cikinsu wuta.

Alarammomi da malaman zaure, Allah ya gafarta muku, ba za a yi wannan aiki ba sai da ku. Yawancin takardun nan da ajami suke, 'yan boko kuwa kallonsu kawai za su yi. A haɗa almajiri ɗaya da ɗan sakandare ɗaya, wannan ya karanta, wancan ya rubuta da boko, malam ya duba. Malaman Hausa na makarantunmu, ku nemo waƙoƙin Sa'adu ko da kwafin inji ne, ku sa yara su haddace su rera ranar bikin ba da kyauta, ku kawo musu amsar Mudi Sipikin su yi muhawara a kai. 'Yan kasuwarmu da Allah ya buɗa wa, kuɗin da ɗayanku ke liƙa wa maroƙi a daren biki ɗaya zai buga ɗan littafi kwafi ɗari biyar a raba wa makarantu.

Iyayenmu sarakuna, Mai Martaba Sarkin Burmin Moriki, da Sarkin Kiyawan Ƙaura, da sarakunan Zurmi da Shinkafi, Allah ya ja zamaninku. Na san wasu daga cikin takardun nan suna sukar waɗanda suka riga ku zama a kan karaga. Ina roƙonku da girman Allah kada wannan ya sa a ja baya. Ba tonon asiri muke nema ba, ba kuma tayar da tsohuwar gaba tsakanin jikokin masu fartanya na NPC da jikokin masu tauraro na NEPU ba, waɗanda yau sun auri juna, kuma harsashi ɗaya ke bin su. A tattara na kowa. Waƙoƙin NPC ma tarihi ne, wasiƙun hakimai da littattafan alƙalai ma tarihi ne, ba a gane amsa sai an ji tambaya. Kalma ɗaya daga fada, a ce mai unguwa ya sanar cewa duk mai tsohuwar takarda ya fito da ita a ɗauki hoto a mayar masa, ta fi wata shida na yawon ɗalibai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Abin da ke faruwa da mu yau, wa ke rubuta shi? Wa ke riƙe da sunayen waɗanda aka kashe a kowane ƙauye, da ranar, da adadin da aka tara aka kai, da gonakin da suka koma daji? Akwai matasa a cikinmu da ke tsara waƙoƙi a kan wannan bala'i, suna faɗa wa masu bindiga da masu kujera gaskiya, suna turawa a waya, bayan kwana biyu ta nutse. Su ne magadan Sa'adu, ko sun san shi ko ba su san shi ba. A adana nasu tun yanzu. Wanda ke tsoro a sakaya sunansa, Solzenitsin ma ya ɓoye sunayen shaidunsa shekaru masu yawa sai da hatsarin ya wuce. Ranar da za a zauna a yi hisabin wannan zamani tana zuwa, kuma masu laifi za su so a ce ba a san abin da ya faru ba. Kada mu ba su wannan dama.

Ba na kiran a kafa kwamiti, ba na kiran a jira kasafin kuɗi. Ranar Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, kowannenmu ya nufi wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidansu, ya gaishe shi, ya roƙe shi ya buɗe adaka, ya kunna waya ya ce, Baba, rera mini abin da kuke rerawa a zamanin sawaba. Wanda ya samu wani abu ya kai wa malamin Hausa na makarantar da ta fi kusa da shi, a fara haɗawa daga nan. Allah ya jiƙan Malam Sa'adu da duk waɗanda suka sha ɗauri don talaka, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya ba mu ikon sauke wannan nauyi tun masu ba da labarin suna raye.